Ba kowace rama ce ulsa ba, ba kowace ƙiba ce hutu ba

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, mai lakca ya ajiye shi sai ya fito.

Makon jiya wata ƙanwa ta zube a bakin aji. Kafin ka ce kwabo an taru, wannan na fifita da littafi, wannan na yayyafa ruwa, wata ta ruga shago ta sayo madara. Da ta farfaɗo aka ce me ya same ta, ƙawarta ta yi caraf ta amsa: "Ai ulsa ce, ba ta karya ba." Kowa ya ce Allah Ya sauwaƙe, aka watse. Ni ma na ce Allah Ya sauwaƙe, amma na koma ɗaki raina a jagule, don na san wannan amsar ciki da bai. Shekara biyu cur ina ba da ita a madadin wata 'yar ɗakinmu.

Bari in fara da kaina, kada a ce na zo tona asirin wasu na rufe nawa.

Lokacin ina aji biyu a digirin farko ni siririya ce ta gaske. Lafiyata ƙalau, haka gidanmu muke. Amma sunan da ba a kira ni da shi ba sai wanda aka manta: tsinke, sillen kara, a-hure-ki-ki-faɗi. In na je hutu gida, kafin in ajiye jaka Goggo ta fara: "Wai ku ba a cin abinci ne a jami'ar taku?" Da bikin Addata ya matso, tela na gwada ni yana dariya wai yadi biyu ma ya yi mini yawa. A gaban mutane na yi dariyar tare da shi, da daddare na yi kuka. Washegari wata ƙawa ta raka ni kemis, aka haɗa mini "maganin cin abinci", kwalba ɗaya ta ruwa da wasu ƙananan ƙwayoyi a leda, ba takardar likita, ba tambaya. Kun san sunansa, sha-ka-fashe.

Wallahi ya yi aiki, matsalar ke nan. Cikin 'yan makonni kumatu suka fito. A wurin biki kowa na cewa na ciko, na murje, makaranta ta karɓe ni. Babu wanda ya ga ina gyangyaɗi a lakcar ƙarfe takwas kamar wadda ta kwana sussuka, ko ya ga ina tashi ƙarfe biyun dare in dafa indomi biyu in cinye, in kuma lalubi burodin 'yan ɗaki. Nankarwa ta fito mini a cinya da damtse, ƙuraje suka cika mini fuska. Da tsoro ya kama ni na jefar da ƙwayoyin rana ɗaya, sai jiri da amai da kasala suka kwantar da ni, ko bokiti ba na iya ɗauka. A asibiti likita ya dubi ledar ya girgiza kai. Na ruwan, in ji shi, sifuroheptadin ne, asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa, buɗe ciki da sa barci illolinsa ne na gefe. Ƙwayoyin kuma deksametason ne, deksa a bakin masu kemis, magani mai ƙarfi na kumburi da asma da makamantansu. Abin da nake kira ƙiba rabinsa ruwa ne da kitsen da ya taru a fuska da ciki. Deksa na ɗaga suga da hawan jini, yana cinye ƙashi, yana raunana garkuwar jiki. In an daɗe ana sha jiki kan rage yin nasa sinadarin, shi ya sa yanke shi farat ɗaya ke iya kai mutum ga halaka. Don Allah mai sha yanzu kada ta karanta wannan ta watsar da shi yau. Ki je wurin likita ya rage miki sannu a hankali.

Abin kuma ya wuce Gombe da Kano. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan Apetamin, ruwan maganin ƙiba mai sifuroheptadin da ake tallarsa a Instagram, saboda rahotannin illa har da ta hanta.

'Yar ɗakin tamu kuwa nata akasin nawa ne. Mai jiki ce, 'yar gidan rufin asiri, kayan abincinta ba sa yankewa. Muna ce mata Hajiya Babba, tana dariya. Sai ta fara azumin Litinin da Alhamis, muka yaba. Ya koma kusan kullum, muka ƙara yabawa, har muna ce mata ustaziya. Ba ta sahur. Da magariba dabino uku da ruwan ɗumi, sai wani shayin rage tumbi da ta saya a intanet. Ranar da ta kasa daurewa kuma sai ta ci kamar ba gobe, ta ɗauki buta ta zaga bayan hostel, ta dawo ido jawur tana tauna cingam. Duk wanda ya tambayi ramarta ni ce mai amsawa: ulsa ce. Na yarda da hakan ne don ya fi sauƙi a kan in yarda cewa sunan da nake kiranta da shi yana cikin abin da ke cinta.

Likitoci suna da sunaye ga waɗannan. Anoreksiya ita ce mutum ya hana kansa abinci har ya ƙanjame yana ganin bai rame ba, kuma tana sahun gaba cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Bulimiya ita ce a ci da yawa a kakaro amai ko a sha maganin zawo. Aman nan na cinye haƙora, yana zubar da gishirin jiki har bugun zuciya ya rikice. Akwai kuma cin wuce-kima da mutum ke jin ba shi da birki, ya gama ya tsani kansa. Kafin a kai waɗannan akwai fili mai faɗi na rikicewar cin abinci, inda ba a kai matsayin cuta ba amma an kama hanya. Nan yawancinmu muke yawo. Shayin rage tumbin nan ma, da yawansu filasko ne a cikin kwali mai kyau. Yana aiki ne a babban hanji bayan jiki ya riga ya tsotse abincin, abin da kike zubarwa ruwa ne, ki sha ruwa nauyin ya dawo.

Ra'ayina shi ne: matsalar tana nan a Tudun Wada da Malam Inna da Kashere kamar yadda take a Landan, mu dai muna da labule uku da take ɓuya a baya, wato babu kuɗi, ina azumi, ulsa ce. Dukkansu gaskiya ne a wurin mutane da yawa, shi ya sa suke da daɗin fakewa.

A karatun mastas da nake yi na ci karo da wata 'yar takardar tantancewa mai suna SCOFF. Wasu likitoci a Landan suka fitar da ita a 1999, tambaya biyar ce kacal. Kana sa kanka amai don ka ji ciki ya cika ya dame ka? Kana jin cin abinci ya fi ƙarfinka, ba ka iya tsayawa? Ka zubar da sama da kilo 6 cikin wata uku? Kana ganin kanka da ƙiba alhali mutane na cewa ka rame? Tunanin abinci ya mamaye rayuwarka? Wanda ya ce e ga biyu ana so ya ga likita. Takardar ba ta yanke hukunci, nuni kawai take yi. Masu magana da Sifaniyanci da suka ɗauke ta ba su tsaya a fassara ba. A Sifen da kuma Kolombiya, har da cikin ɗalibai mata na jami'a a garin Bukaramanga, sun gwada amsoshin da abin da ƙwararre ya gano in ya zauna da mutum, don su ga ko takardar na kama abin da aka yi ta dominsa a harshensu da mutanensu.

Sai na ce bari in gwada tawa fassarar da Hausa, na karanta wa wasu ƙannena 'yan digirin farko a gindin bishiya. Da na zo tambaya ta biyar wani yaro ya tuntsire da dariya: "Haba Adda, ai dole ya mamaye. Tun jiya da rana rabona da shi." Tambaya ta uku ma ya ce e, ya nuna mini sabuwar hudar da ya yi wa bel ɗinsa da ƙusa. A lissafin takardar yana da biyu, a tura shi likita. Ni kuma da na mayar da kaina shekarar da nake shan deksa, ban sa kaina amai ba, ban rame ba, ban ga kaina da ƙiba ba. Da ƙyar in samu ɗaya. Ke nan za ta kama mai yunwa, ta saki mai sha-ka-fashe ta wuce tana ɗaga hannu. An gina ta ne a kan tsoron ƙiba, mu kuwa a nan tsoro biyu ke aiki lokaci guda. A gida da wurin biki ana son mai cika ido, a TikTok ana son ciki a shafe da ƙugu a cike. Yarinya ɗaya za ka samu tana shan maganin ƙiba da daddare, shayin rage tumbi da safe.

Na san abin da wasu za su ce, an ma riga an faɗa mini a aji: mutane na fama da yunwa ke kina maganar masu ƙin ci, wannan ai ciwon 'ya'yan hutu ne. Na ji, kuma ban raina yunwar ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda mudu ya koma, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Kuɗin kashewa na NELFUND Naira 20,000 ne a wata, ka raba kwana talatin ba ka kai 700 a rana ba, a ciki za a yi Keke Napep da data da fotokwafi. 0-1-0 da 0-0-1 da muke barkwanci da su jadawalin rayuwar mutane ne.

Amma yunwar ita kanta tana haifar da wannan ciwo, wannan ne abin da masu wancan magana ba su duba ba. A 1944 zuwa 1945 wani masani, Ancel Keys, ya tara maza 36 lafiyayyu a Jami'ar Minesota, aka rage musu abinci kusan rabi har wata shida. Mutanen nan suka koma ba su da hira sai ta abinci, wasu na tara littattafan girki, wasu na jan 'yar lomar da aka ba su tsawon lokaci, ga saurin fushi, ga janyewa daga mutane. Da aka sake musu, wasunsu suka riƙa ci har su yi rashin lafiya, suna cewa ba sa jin ƙoshi. A 2017 kuma Carolyn Becker da abokan aikinta sun yi bincike a San Antoniyo ta jihar Teksas cikin masu karɓar tallafin abinci, akasarinsu 'yan asalin Latin Amurka, suka tarar waɗanda yunwa ta fi tsananta a gidajensu su suka fi nuna alamun rikicewar ci, har da cin wuce-kima da kakaro amai. Yanzu ku tuna abin da muke yi ranar da alat ya shigo. Bayan kwana goma ana jiƙa gari, sai a zauna a haɗa shinkafa da awara da tsire da lemo a zama ɗaya, a tashi ciki na ciwo ana jin haushin kuɗin. Mako biyu a koma gidan jiya. Shekara huɗu jiki na wannan lilo. Wasu suna fita daga ciki da sun samu abin yi, wasu kuma da shi suke shiga gidan aure.

Labulen azumi shi ya fi wuyar taɓawa, ni ma da ɗar-ɗar nake rubuta wannan. Wani bincike da aka buga a 2004 ya duba 'yan mata 668 na sakandare a arewa maso gabashin Gana. An sami 10 da suka rame sosai ba don cuta ko rashin abinci ba, su ke hana kansu. Ba tsoron ƙiba suka ambata ba, da harshen addini da kamun kai suka bayyana abin, suna ganinsa alheri. Ni ba malama ba ce, amma abin da aka koya mana tun a Islamiyya ya isa: an kwaɗaitar da sahur, an ce a gaggauta buɗa baki, an hana haɗa azumi kwana da kwana ba ci, an ɗauke wa mara lafiya. Azumin da ba sahur, ba buɗa baki na kirki, mai yinsa na hawa sikeli kowace safiya, ya cancanci a zauna da ita a yi magana cikin mutunci. Niyyarta tsakaninta da Allah ne, jikinta da ke ƙarewa a gabanmu kuwa muna gani. 'Yan uwanmu Kirista masu dogon azumi su ma su duba nasu.

Ita kuwa ulsa, baiwar Allah, an ɗora mata laifin da ba nata ba. Mafi yawan gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak. Ana gwaji, ana magani, ana warkewa. Wadda ta shekara biyu tana "ulsa" ba gwaji, tana ramewa, al'adarta ta ɗauke, gashi na zuba, tana jin sanyi a watan Afrilun Gombe, wannan a sake tambaya.

Maza kada ku ce ba ruwanku. Na san masu ɗaga ƙarfe da ke haɗiyar abin da ba su san sunansa ba don ƙirji ya buɗe, na san siraran da ke aika ƙanwa kemis ta sayo musu don kunya, na san masu kashe yunwa da goro da shayi da lemon ƙarin kuzari duk lokacin jarrabawa. Ku ma kuna cikin lissafi, kun dai fi mu iya shiru.

Da ni za a tambaya, takardar da za a yi mana sai ta ƙara tambayoyinmu, da Hausa da Fulatanci, a kuma gwada ta yadda 'yan Kolombiya suka gwada tasu. Kina shan wani abu don ki ƙara jiki ko ki rage? Sau nawa a makon nan ka tsallake abinci don babu, sau nawa don ka ƙi? In kina nafila, kina sahur? Tambayar da na fi yarda da ita kuma ba ta buƙatar takarda: in na ajiye miki abinci yanzu, kyauta, ba mai kallo, za ki ci? Mai yunwa zai ce kawo. Wadda ta fara lissafi da kame-kame, nata daban ne. Duk sabon ɗalibi sai ya yi gwajin lafiya lokacin rajista, ana auna tsawo da nauyi a rubuta a kati. Ƙara tambaya biyar ko bakwai a wannan layin ba zai ci kasafin kowa ba, in dai an tanadi inda za a tura mutum: mai yunwa wurin tallafi, mai ciwo wurin likita.

Wajen rigakafi akwai wani shiri da ake kira Body Project, wanda Eric Stice da abokansa suka tsara a Amurka. Ba lakca ake yi ba. 'Yan mata kaɗan ke zama, galibi sau huɗu, awa ɗaya-ɗaya, sau da yawa ɗaliba 'yar uwarsu ke jagoranta, su da bakinsu suke zayyana abin da bin "jikin da ake so" ya jawo musu da wanda ke cin riba da shi. Hikimar ita ce in ka soki abu da bakinka a gaban mutane, zuciyarka kan rage riƙo da shi. An gwada shi a ƙasashe da dama, har da ɗalibai mata a Saudiyya. Ban ga abin da zai hana ɓangaren mata na MSSN ko FCS ko ƙungiyar ɗalibai su yi irinsa a ɗakin taron hostel ba. Sai dai namu dole ya soki gumaka biyu, na siranta da na cika, in ba haka ba a kori wata daga shayin filasko ta faɗa deksa.

Masu kemis kuma, deksa maganin takardar likita ne. NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna sun san haka, mai shagon ma ya sani. Ya kalli fuskar yarinya 'yar shekara sha tara ya ƙirga mata a leda. Wannan ba ni da wata kalma mai laushi da zan kira shi da ita.

Mu ma akwai namu. "Kai, kin rame!" da "Ke, wannan ƙiba fa?" sun zama gaisuwa, musamman makon dawowa hutu. Ni na daina. Da farko bakina ya riƙa ƙaiƙayi, sai na gane ashe rabin hirarmu ta mata a kan jikin juna take. In kin ga alama a 'yar ɗakinku, kada ki tara mata jama'a, kada ki tsare ta da cokali, kada ki ce ta ji tsoron Allah. Ki same ta ita kaɗai ki faɗi abin da idonki ya gani: na ga kina fita da buta duk bayan cin abinci, hankalina bai kwanta ba. Za ta musa, ƙila ta yi fushi. Ki sake dawowa. In ana suma, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, ko jini a amai, wannan asibiti ne a ranar. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe yana da likitocin ƙwaƙwalwa, kuma shiga wurinsu ba shaidar hauka ba ce. Ƙasar ma ta sauya dokar mahaukata ta 1958 da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, mu ne muka tsaya a tsohuwar.

'Yar ɗakin tamu ta yi aure, muna waya jefi-jefi. Bara ta ce mini tana zaryar likitan haƙori, na gaba sun zaizaye. Ta ce da a lokacin wani ya tambaye ta sau biyu, da ta faɗa. Na nemi gafararta a kan Hajiya Babba, ta ce ta yafe, muka yi shiru a waya har katin ya kusa ƙarewa.

Ƙanwar da ta faɗi makon jiya kuwa na nemo ta, da izininta nake rubuta wannan, shi ya sa ban faɗi ajinsu ko sashensu ba. Na kai mata ɗanwake da zafinsa. Ta ce ta ƙoshi. Na ce ba komai, na zauna na ba ta labarin ledar ƙwayoyina tun daga tela har gadon asibiti. Ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta, sannan ta jawo jaka ta fito da kwalin shayi ta ajiye a gabana. Mun yi da ita ranar Laraba bayan lakcar safe zan raka ta ta ga likita. Ta roƙe ni kada in gaya wa Mamansu. Na ce ba zan faɗa a bayan idonta ba, amma in likita ya ce sai an kira gida, tare za mu buga wayar.